Tantin da ya dawo daga Argungu yana wari

Ɗana, ka ce tantin da aka ɗauka haya zuwa Argungu ya dawo da baƙaƙen ɗigo-ɗigo da wari, alhali ko yayyafi ba a yi ba, kana tambaya ko ka jiƙa shi a ruwan Omo da bilic. Ajiye bokitin nan tukuna.

Ba sai da ruwan sama tanti ke jiƙewa ba. Bikin kamun kifi da rani ake yin sa, gaskiya ne, amma mutanen nan kusa da gulbin Matan Fada suka kafa tantin, bakin gulbi kuwa ba ya rabo da raɓa da asuba. Ga numfashin masu kwana a ciki: in sun zuge ƙofa saboda sanyi, danshin a rufin yake taruwa ta ciki. Gari na wayewa kowa na saurin samun mota, sai a naɗe shi haka a cusa a buhu. Da zafin nan namu, kwana 2 a ƙunshe sun ishi hunhuna ta kama. Shi ya sa kullum nake faɗa da ku: tantin da ya dawo, ranar ake warware shi, ko mai hayar ya rantse a bushe yake. Kuma kada ka shafa tsakiyarsa ka ce ya bushe. Kai yatsanka bakin ɗinki inda yadi ya ninku, ka taɓa ƙarƙashin shimfiɗar, ka matsa igiyoyin. Can danshi ke laɓewa.

Wanki kuwa, Omo zai fitar da dauɗa, ya tafi har da maganin da ke sa ruwa ya gangare daga jikin yadin. Bilic ya fi muni, zaren yake ci. Tantin zai fito fes kamar kayan sallah, damina na sauka ya yi ta yoyo, mai haya ya dawo mana da surutu. Kafa shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, ya bushe sarai, ka kakkaɓe hunhunar da burushi mai laushi, a waje, ba cikin shago ba. Sannan ka goge wurin da tsumma da ruwa mai ɗan ruwan khal, ka ɗauraye, ya sake bushewa. Tabon ba zai fita duka ba, haka za mu haƙura da shi.

Wannan na auduga ne mai kauri, yana da afuwa. In ya jiƙe zarensa kumbura yake, ya toshe kafofin saƙar, amma yana tsukewa, don haka da ka ga hadari sai ka ɗan sassauta igiyoyi, kada ya tumɓuke turaku ko ɗinki ya ɓalle. Ƙananan nan na nailan da matafiya ke kawowa gyara, halinsu daban. Akwai shafen roba a cikinsu, in an ajiye su da danshi sai ka ji yana danƙo yana ɓarewa, an gama da shi ke nan. Ranar watan Afrilu a nan Birnin Kebbi, da zafi ke wuce digiri 40, tana ƙona nailan sannu a hankali, har wata rana ka ja shi da hannu ya yage, saboda haka ba a barin sa a shanya yini guda.

Tunda yana kafe, duba zif. Ƙurar hunturu ce ke cinye kansa. Goge haƙoran da tsohon burushin haƙori, ka ɗan goga kyandir. Ban da man keke, shi ƙura yake tarawa. In yana buɗewa ta baya, matse kan da filaya a hankali kafin ka yi zancen sabo.

In ka tabbata ya bushe, turakun a kankare musu laka a zuba su a jakarsu daban, kada tsatsa ta ɓata yadin ko tsini ya huda shi. Ka naɗe shi sako-sako, ka ɗora bisa katako nesa da bango saboda gara da ɓera. Sauran da suka dawo tare da shi ma fito da su yanzu, kafin la'asar.