Kare ya ciji ɗana, an yi masa allurar tetanus. Ta wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Kwana huɗu ke nan da wani kare ya ciji ɗana mai shekara 7 a ƙafa, yana dawowa daga makarantar allo. Ciwon bai yi zurfi ba. Mun kai shi kemis aka wanke, aka yi masa allurar tetanus. Samarin unguwa sun kashe karen sun yar. Yaron lafiyarsa ƙalau, wurin ma ya fara warkewa. Da sauran abin yi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara masa lafiya. Malama, da saura, kuma shi ne babba. Ki kai shi babban asibiti yau ɗin nan, ki ce a fara masa allurar rigakafin cutar haukan kare. Allurar tetanus tana da amfaninta, amma ba ta taɓa ƙwayar wannan cuta ko kaɗan.

Warkewar ciwon kada ta kwantar miki da hankali. Ƙwayar tana cikin yawun dabbar, kuma in ta shiga jiki ba jini take bi ba. Jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa take kamawa, ta riƙa hawa sannu a hankali. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3, amma takan iya isa cikin mako guda, ko ta kai shekara, kuma cizon fuska ko wuya ya fi saurin kaiwa. Duk tsawon wannan lokaci yaro na wasansa. Da zarar alamu sun fito kuwa, da wuya a samu wanda ya tashi. Akan fara da zazzaɓi da zugi ko ƙaiƙayi a tabon, sai firgita da dalalar yawu. Mara lafiya na fama da ƙishirwa, amma da ya kai kofi baki sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture ruwan da tsoro. A nan ne wasu ke cewa iska ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Allurar tana ba jiki damar shirya garkuwa kafin ƙwayar ta isa ƙwaƙwalwa, don haka kwana huɗu ba a makara ba. Ana yin ta ranar da aka fara, sai bayan kwana 3, da bayan kwana 7, sannan ta ƙarshe tsakanin kwana 14 da 28, duk ana ƙirgawa daga allurar farko. Wasu asibitocin suna da tsarin da ya ɗan bambanta. Ba ta da arha, na sani, amma kada a yi guda a tsaya. Tunda haƙori ya huda fata, ki tambaye su kuma wata allurar garkuwa ta daban da ake yi a cikin wurin cizon.

Kashe karen ya raba mu da shaida. Da an ɗaure shi kwana 10 ana lura, in ya wuce su lafiya, an san yawunsa ba ya ɗauke da cutar lokacin cizon. Ko da ya mutu, likitocin dabbobi kan aika kan karen a gwada, kamar a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. Tunda an yar da shi, sai mu ɗauka mahaukaci ne. Ki bincika ko ya ciji wasu yaran, domin yara kan ɓoye saboda tsoron faɗa. Samarin da ya yakusa su ma su je.

Nan gaba, Allah ya kiyaye, abu na farko shi ne wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15 cur, kafin a nufi asibiti. Ki kuma sa maigidanki ya yi wa mai unguwa magana a kira ma'aikatan dabbobi. In aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, cutar takan daina yawo a tsakaninsu. Ta wannan hanya ce Meziko ta kai ga samun tabbacin Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 cewa ta raba mutanenta da haukan da ake ɗauka daga kare.