Aikin sa kai da yaran ƙabilar Roma: zai taimaka wajen neman jami'a ko zai cuce ta?

Tambaya: Malam, a Sheffield muke zaune, a Ingila. 'Yata tana ajin ƙarshe na sakandare, kuma tun bara duk Asabar take zuwa unguwar Page Hall tana taya yaran ƙabilar Roma karatu da aikin gida. Kawunta ya ce kada ta kuskura ta ambaci wannan a takardar neman jami'a, wai Turawa ba sa ganin mutanen nan da gashi, za a shafa mata kashin kaji. Shari'a take son karantawa, nan ko Amurka. Me za mu yi?

Amsa: Hajiya, ta ambata, kada ta ɓoye. Abin da kawunta yake gani a titi gaskiya ne. Roma, waɗanda kakanninsu suka taso daga arewacin Indiya, su ne tsiraru mafi yawa a Turai, ana ƙiyasta su miliyan 10 zuwa 12, kuma har gobe ana ƙyamar su wajen ba da haya da ɗaukar aiki. Amma jami'a a Birtaniya tana ƙarƙashin dokar daidaito ta 2010, wadda ta haramta nuna bambanci saboda ƙabila, Roma kuma na cikin waɗanda take karewa. Mai tantance takardu da ya ga yarinya ta shekara tana zuwa wuri ɗaya ba fashi, naci da riƙon amana zai karanta.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen rubutun. Ɗalibai da yawa sukan rubuta irin wannan aiki kamar sun je ceto: yara cikin tsumma, gida ba ɗumi, sai ga ni na zo na haskaka musu. Masu tantancewa sun gaji da wannan labari, kuma a kan Roma ya fi muni, domin shi ne hoton da aka daɗe ana liƙa musu. Ki tuna yadda ranmu yake ɓaci idan baƙo ya sauka a Kano, ya ɗauki hoton almajirai da kwanonsu, ya koma gida yana neman yabo. Kada 'yarki ta yi wa wasu haka. Kada ta sa sunan yaro ko hotonsa, kada ta ce "Roma suna kaza" alhali iyalai kaɗan ta sani, yawancinsu daga Sulobakiya.

Ta rubuta abin da idonta ya gani a kusa. A ce yaro ɗan shekara 9 da yake jin Romanes, wato harshen Roma, a gida, yana jin harshen Sulobakiya, yana lallaɓa Turanci, shi ne yake karanta wa mahaifiyarsa wasiƙar makaranta layi-layi yana fassarawa, amma a aji an ɗauke shi mai rauni. Idan ta ga irin wannan, ta faɗi abin da ta yi a kai, da abin da ya gagare ta, da abin da uwar ta koya mata.

Tunda shari'a take so, sa'a ta faɗo mata. Ta nemi hukuncin da Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke a 2007 kan yara 18 na Roma daga birnin Ostrava na Jamhuriyar Cek, waɗanda aka tura makarantun masu matsalar ƙwaƙwalwa bisa wani gwaji da bai yi la'akari da harshensu da yanayinsu ba. Kotun ta ce wannan wariya ce ko da ba a tabbatar da mugun nufi ba, tasirin tsarin ya isa hujja. Iyaye da yawa da suka yi ƙaura daga Cek da Sulobakiya sun taso a ƙarƙashin irin wannan tsari, shi ya sa wasunsu ba sa saurin sakin jiki da makaranta. Ɗalibar da ta haɗa teburin Asabar da wannan hukunci ta nuna tana tunani irin na lauya, abin da malaman shari'a suke nema ke nan.

Sai ta san ƙasashen biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. A Birtaniya sakamakon jarrabawa ne kan gaba, aikin sa kai ba ya cike giɓin maki. Bayanin kai da ake rubuta wa UCAS, cibiyar da ake neman jami'o'in Birtaniya ta hannunta, haruffa 4,000 ne, daga shigar 2026 an raba shi tambayoyi uku, ta ukun ce take tambayar abin da ɗalibi ya yi a wajen aji da amfaninsa ga kwas ɗin. Layi kaɗan masu nauyi sun wadatar. A Amurka kuwa ana duba mutum gaba ɗayansa: Common App, fom ɗin da ake neman jami'o'i da yawa da shi a can, yana da gurbin ayyuka 10, kowanne da bayanin haruffa 150 da yawan sa'o'i a mako, sai maƙala ta kalmomi 650. Rahoton da ya fito daga Harvard a 2016, wanda jami'o'i da dama suka mara wa baya, ya fifita hidima mai ɗorewa a kan tafiyar aikin sa kai ta mako ɗaya mai tsada. Ta kuma sani a Amurka ba a fara shari'a sai bayan digiri na farko.

Sa'o'in nan ta rubuta su daidai, kada ta ƙara ko ɗaya. Ta gaya wa malamin da zai rubuta mata shaida tun yanzu, domin sau da yawa malamai ba su san abin da ɗalibi yake yi ranar Asabar ba. Ta kuma roƙi mai kula da wurin ya karanta abin da ta rubuta kafin ta tura, in ɗan Roma ne ya fi. Idan Oxford ko Cambridge take hari, 15 ga Oktoba ake rufewa, don haka a fara tun hutun bazara.