Tambayoyi da amsoshi kan maganin ƙwari na fiya-fiya

Tambaya: Likita, mene ne a cikin fiya-fiya, kuma ta yaya yake cutar da mutum?

Amsa: Yawanci sinadarin da ke ciki shi ne wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba, daga dangin magungunan ƙwari masu fosfaras. Ruwa ne mai saurin bin iska, shi ya sa yake cim ma ƙwaro har cikin rami. A jiki akwai wani sinadari da ke katse saƙon jijiya da zarar ya isa tsoka. Aikin wannan sinadarin na jiki ne gubar ke toshewa, sai saƙon ya ƙi tsayawa. Ba sai an sha ba, yana shiga ta fata da ta numfashi.

Tambaya: Idan yaro ya sha, gaskiya ne a ba shi madara ko mai, a sa shi amai?

Amsa: Don Allah kada a yi ko ɗaya. Madara da mai ba sa karya wannan guba, aman kuwa yana iya sarƙe yaro ya gangara huhu. A cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke fata da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankewar ya sa safar hannu. Idan ya shiga ido, a kwarara ruwa na minti 15. A kwantar da shi ta gefen hagu, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu.

Alamominsa su ne dalalar miyau, zufa, hawaye, gudawa, rawar tsoka da tsukewar ƙwayar ido. Abin da ke kisa shi ne majina ta cika huhu, tsokar numfashi ta gaza. A asibiti ana ba da iskar oksijin da allurar atirofin, ana maimaita ta har ƙirji ya washe. Ko ya farfaɗo, kada a matsa a sallame shi, domin raunin numfashi yana iya tasowa bayan awa 24 zuwa 96.

Tambaya: Zan iya shafa wa 'yata a kai don ƙwarƙwata?

Amsa: A'a, Hajiya, ko ɗigo. Fatar kai tana tsotse shi. Akwai wani maganin ƙwarƙwata mai suna malatiyon, mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari da aka haɗa musamman don gashi, ana barin sa awa 8 zuwa 12 a wanke. A nisanta shi da wuta, kuma ga ƙaramar yarinya sai da izinin likita.