Madarar shanu da tsufa: likita ya amsa tambayoyinku

Assalamu alaikum. Wannan makon tambayoyin kusan duk a kan madara suke, bari mu ɗauko su.

Tambaya: Likita dan Allah na ga wani bidiyo ana cewa shan madara na sa saurin tsufa har ma da mutuwa da wuri, ni kuma kullum sai na sha kofi biyu, hankalina ya tashi wallahi. (Wani malamin makaranta daga Gusau)

Malam kwantar da hankalinka. Ajali dai na hannun Allah, maganar kuma ta samo asali ne daga wani bincike da aka yi a Suwidin aka buga a 2014, sun bibiyi mata wajen 61,000 da maza wajen 45,000, sai suka ga matan da ke shan kofi uku ko fiye a rana an fi samun mutuwa da karayar ƙashi a cikinsu, suka yi zargin wani suga ne na cikin madarar da ake kira galaktos. Amma masu bidiyo ba sa gaya maka cewa a binciken nan dai masu shan yogot da cuku su ne aka samu ƙarancin mutuwa a cikinsu, sannan a 2018 wani babban bincike a ƙasashe 21 ya nuna masu shan madara da dangoginta sun fi tsira daga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Irin wannan binciken alaƙa kawai yake nunawa ba wai ya kama mai laifi ba. Kofi biyunka ba damuwa, ka dai rage sugan da kake zubawa.

Tambaya: Mahaifiyata shekarunta 72, ta rame kuma ƙafafunta ba ƙarfi, in na ba ta madara sai cikinta ya kumbura ya yi ta ƙugi har da gudawa. Mu daina ne? (Wata baiwar Allah daga Maraɗi)

Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki. Wannan ba cuta ba ce, yawancinmu in mun girma hanjinmu baya iya narkar da sugan madara sosai, Fulani makiyaya sun fi mu dacewa a nan. Ki koma mata kindirmo, tunda ya kwana ya yi tsami an riga an cinye wani kaso na sugan, ki fara da ludayi ɗaya ko biyu bayan ta ci abinci kina ƙarawa a hankali. Ni abin da ya fi damuna da tsofaffinmu shi ne a bar su daga koko sai shayi, naman jiki na zubewa ba wanda ya lura sai ranar da suka faɗi a banɗaki ƙugu ya karye. Kofi ɗaya na madara na da sinadarin kalsiyam na ƙarfin ƙashi wajen miligiram 300 da furotin mai gina jiki giram 8. Ki haɗa mata da ƙwai da wake da miyar kuka, kuma ta riƙa ɗan tattaki a tsakar gida da hantsi. Ramar nan kuma a kai ta asibiti a duba suga da jini.

Tambaya: Ance ɗanyen nono daga ruga wanda ba a dafa ba ya fi ƙara ƙarfi, gaskiya ne? (Daga Yola)

A'a ɗan'uwa, tafasa shi. Akwai tarin fuka na shanu da kuma cutar da ke sa shanu ɓari, duk suna bin ɗanyen nono su kama mutum. Na taɓa ganin wani dattijo da aka yi wa maganin maleriya har sau huɗu, zazzaɓin na tafiya yana dawowa, da dare gumi ya jiƙa masa riga sharkaf ga ciwon baya, ashe nonon da ake tatso masa da sassafe ne, sai da ya yi sati shida yana shan magani. Kai dai ka dafa shi ya tafaso, ya huce, in ma kindirmo za a yi to da dafaffen za a kafa.