Gwajin kotisol bayan tiyatar ƙarin pituitari

Kin tambaya ko jinin da aka ɗibi mahaifinki kwana biyu bayan cire masa ƙari a pituitari (ƙaramar gaɓar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai ba wasu gaɓoɓi umarnin samar da sinadarai) zai nuna yadda wannan gaɓa za ta ci gaba da aiki. E, yana nunawa, amma a kan kotisol aka fi dogara, wato sinadarin da gaɓar adirenal da ke saman ƙoda ke samarwa, wanda aka auna wajen ƙarfe 8 na safe. Idan ya haura nanomol 450 (ma'aunin da ake awonsa da shi) a kowace lita ta jini, galibi pituitari na aika wa gaɓar adirenal umarni yadda ya kamata, idan kuwa bai kai 100 ba, mahaifinki zai buƙaci haidirokotison, maganin da ke maye gurbin kotisol. Abin da ya faɗo tsakani sai an sake aunawa bayan kamar mako 6.

Sharaɗin da na sha ganin an manta da shi a ɗakin jinya shi ne, a tabbatar bai sha haidirokotison ba cikin awa 24 kafin ɗibar jinin, domin maganin kan ɗaga sakamakon ya ruɗi mai dubawa, kuma likita ne kaɗai zai tsara wannan dakatarwar. Tairoksin kuwa, wato sinadarin da gaɓar tairod ta wuya ke samarwa bisa umarnin pituitari, yakan daɗe a jini, saboda haka awonsa na makon farko ba abin dogaro ba ne.