Tambaya da Amsa: Ina So In Dakata da Aikin Jirgin Ruwa In Zauna a Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni injiniya ne a jirgin ruwan dakon mai, kuma na haura shekara goma a wannan aiki tun bayan da na kammala makarantar horar da ma'aikatan jiragen ruwa da ke Oron, a Jihar Akwa Ibom. Kowace tafiya nakan yi wata shida ko fiye ban ga gida ba. Yanzu mahaifiyata ta manyanta, yarana kuma suna tasowa ba su saba da ni ba, shi ya sa nake so in zauna a Zariya na wasu shekaru. Tsorona shi ne kada aikin ya kuɓuce mini baki ɗaya, abin da na tara kuma ya ƙare. Mece ce shawararka? Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri bisa wannan niyya.

Tun da dakatawa ka ce za ka yi, abin da ya fi komai muhimmanci shi ne takardunka, domin a nan ne hutu kan rikiɗe ya zama ritayar dole ba tare da mutum ya ankara ba. A ƙarƙashin yarjejeniyar STCW ta 1978, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan horo da takardun shaidar ma'aikatan jiragen ruwa, wadda aka yi wa gyara a Manila a 2010, takardar shaidar ƙwarewarka tana buƙatar sabuntawa duk bayan shekara biyar, kuma hanyar da aka fi bi ita ce mutum ya nuna ya yi aikin wata 12 a teku a cikin waɗannan shekaru biyar, ko wata uku a cikin wata shida na ƙarshe kafin sabuntawar. Wanda bai cika wannan sharaɗi ba sai ya koma ga kwas ko jarrabawa, da kashe kuɗi da zirga-zirgar Legas. Takardar lafiya kuwa ba ta wuce shekara biyu, horon kashe gobara da na tsira a ruwa su ma ana sabunta su duk shekara biyar. Shawarata ita ce ka je ofishin hukumar NIMASA, mai kula da harkokin jiragen ruwa a Najeriya, ka sabunta komai da zarar ka sauka daga tafiyarka ta ƙarshe, sa'annan ka rubuta ranar da kowace takarda za ta mutu, ka auna tsawon zamanka a gida da ita. Ka kuma rabu da kamfaninku cikin mutunci, a rubuce, saboda sunanka ya tsaya a jerin waɗanda za su iya kira.

Batun sana'a bai kai yadda kake tsoro ba. Wanda ya riƙe ɗakin injin jirgi ya san janareta, da famfo, da tukunyar tururi, da na'urorin sanyaya, kuma masana'antu da manyan asibitoci na neman irin wannan hannu. A nan Zariya akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, wato NITT, da ke hanyar Basawa, inda za ka iya ƙaro ilimin sarrafa kaya da sufuri, ga kuma tashar sauke kaya ta tudu da aka buɗe a Kaduna a 2018. Sai dai ka sa a ranka cewa albashin tudu ba zai kama ƙafar wanda ka saba karɓa ba, musamman idan da dala ake biyanka.

A kan kuɗi, ina roƙonka kada ka zuba su a kasuwanci a watannin farko. Da zarar an ji ka dawo, masu kawo shawarar sayen mota ko buɗe gona da shago a Sabon Gari za su yi maka layi, wasunsu ma 'yan'uwa ne da nauyinsu zai hana ka cewa a'a. Ka ware cefanen shekara guda da kuɗin makarantar yara da maganin Hajiya a asusun da ba ka taɓawa, sauran kuma su jira har ka fahimci farashin gari.

A cikin gida kuma, ka tuna cewa maiɗakinka ce ta riƙe ragama duk tsawon shekarun nan, kuma yaran da tsarinta suka saba. Mutumin da ya saba da umarni da aikin karɓa-karɓa a kan agogo yakan shigo da wannan hali gida, sai a wayi gari ana ɗari-ɗari da shi. Ka zauna da ita tun kafin ka miƙa takardar dakatawa, ku tsayar da shekarun da za ka yi, da abin da za a rage a kashe-kashen gida.