Sabar tana katse ka kafin aiki ya ƙare

Sani, ka ce duk sanda ka shiga shafin kula da sabar makarantar nan ta bayan Ringim, wato kwamfutar da ke ajiye bayananta, don kwafe bayanan ɗalibai, sai ya tsaya ya rubuto maka 504 Gateway Timeout, wato lokacin jira ya ƙare, alhali aikin bai je ko'ina ba. Kana tambaya ko ka ƙara wa kowace manhaja lokacin jira ka huta. Kada ka taɓa komai tukuna. Kunna agogon wayarka, ka maimaita aikin, ka ga a daƙiƙa ta nawa yake yankewa.

In lokacin yana sauyawa, yanzu da wuri anjima a makare, to layi ne ko wuta. Duba eriya da batirin sola. In kuwa kullum a wuri ɗaya yake tsinkewa, to wa'adi aka sa masa, kuma adadin zai nuna maka mai shi. Daƙiƙa 30 ta PHP ce, manhajar da ke gudanar da aikin shafin, saitin max_execution_time. Daƙiƙa 60 ta nginx ce, manhajar da ke karɓar buƙatarka ta miƙa wa ta bayanta, saitin proxy_read_timeout, kuma ita nake zargi, don 504 daga bakin nginx take fitowa.

Ka fahimci nan da kyau, yarona. Nginx ba tsawon aikin yake ƙirgawa ba, shirun yake ƙirgawa. Manhajar da ke bayansa tana can tana ta haɗa fayil, ba ta turo ko harafi ɗaya ba, minti ɗaya ya cika, sai ya ɗauka ta mutu ya rufe ƙofa. Sau da yawa aikin bai tsaya ba. Kai kuma ka sake danna maɓalli, ga kwafi biyu suna gudu tare a kan ƙaramar na'ura, faifai yana cika. Wannan ne abin da na fi ji maka tsoro. Buga umarnin top, mai nuna ayyukan da ke gudana, ka duba kafin ka sake dannawa.

Ƙara lokaci a ko'ina ba gyara ba ne. Haɗin da ya maƙale da gaske zai zauna yana cin RAM har malamai su kasa shiga. Ka ƙara wa shafin kwafin shi kaɗai. Ni dai dogon aiki ta SSH nake yin sa, wato hanyar shiga sabar daga nesa a buga umarni, a cikin manhajar tmux mai riƙe aiki, ko layi ya ɗauke yana ci gaba.

SSH ɗin ma zai yanke in ka yi shiru, domin na'urorin kamfanin waya suna manta haɗin da ba ya motsi, Linux kuwa sai bayan daƙiƙa 7200 yake taɓa layin. Sa ServerAliveInterval 30 a saitin SSH na wajenka, don ya riƙa taɓa layin bayan kowace daƙiƙa 30 ta shiru.

In kuma shafin yana fitar da kai da zarar ka shiga, musamman bayan an ɗauke wuta, buga umarnin date ka ga agogon sabar. Ƙaramin batirin CR2032 na kan allon na'urar in ya mutu, agogo yakan rikice, izinin shigarka ya zama kamar ya ƙare.

Gobe in Allah ya kai mu, ka zo da error.log na nginx, fayil ɗin da yake rubuta kurakurai a ciki. Layin da aka rubuta upstream timed out za mu nema.